Gwangwanin da Baba Sale ya aiko

Sun rushe rumfar maƙerin da ke bayan layin dogo. Jikana ne ya zo mini da labarin, yana faɗa kamar wanda ke cewa an kwashe bola, wai za a gina shagunan masu gyaran waya a wurin. Na ce ya ɗora ni a babur ɗinsa na okada ya kai ni. Da muka isa babu abin da ya rage sai baƙar ƙasa inda murhun yake, ƙasar da gawayi ya rina har ruwan saman Ikko ya kasa wanke ta. Maƙerin kansa ya daɗe da rasuwa, 'ya'yansa ba su gaji sana'ar ba, rumfar ma ta zama wurin ajiye tsofaffin tayoyi tun tuni. Duk da haka na tsaya ina kallo har yaron ya gaji ya ce, "Baba, rana fa tana dukanka." Na ce masa a nan aka tsaga cikin bindigar kawuna. Ya ce wace bindiga. Sai na gane ban taɓa ba su labarin ba.

Agegen da na tarar a gefen Ikko ba wannan ba ce. Da ka wuce gidajen zango kaɗan sai ka faɗa cikin gonakin goro, inuwa ta rufe ka, ƙasa da laushi kamar ka taka katifa. Da safe abin da ke tashinka shi ne kukan jirgin ƙasa da ƙarar ƙafafun shanun da aka sauke, sai ƙanshin jiƙaƙƙen ganyen da ake ɗaure huhun goro da shi, wanda ke bin tufafinka har cikin masallaci. Birai na sauka su yi wa manoma ɓarna, gafiya da gada na nan a kurmi, saboda haka ganin mutum rataye da bindigar toka bai fi ganin mutum da fartanya ba. Yanzu inda muke kafa tarko bene ne, inda muke jin kukan kurciya yaran motocin haya na danfo ne ke ta ihun Oshodi suna neman fasinja. Ranar salla kuwa yara ne ke jefa 'yan abubuwan fashewa a kwata, su toshe kunne su ruga, ba ladabi ba tsari. A da ƙarar salla aikin manya ce, kuma tana da masu ita.

Na zo ne ina saurayi, gemu ya fara fitowa, na sauka wurin ƙanin mahaifiyata, Kawu Tanko. Da rana ina dakon huhun goro, da yamma ina bin sa. Shi yana cikin 'yan bindigar zango, waɗanda ke rako liman da sarkin zango daga idi, su tarbi alhazai, su buga a bikin aure ko suna idan mai gida ya gayyace su. Ba harsashi suke sawa ba, albarushi ne kawai da tsumma, amma idan suka jera suka saki, sai ka ji ƙirjinka ya amsa, hayaƙi ya tokare layi, mata na guɗa daga bayan katanga. Bindigar Kawu ita ce aka fi sani. Tana da murya mai kauri, har daga kasuwa mutane kan ce wannan ta Tanko ce. Bai daɗe ba ya sa aka ƙera mini tawa, ya shigar da ni cikinsu.

Abin da ya fara koya mini ba harbi ba ne, wanki ne. Yakan ce toka ba ta kwana a cikin bindiga. Ko mun dawo da yunwa kamar mu faɗi, ba za a buɗe kwanon tuwo ba sai an ɗora ruwa. Inna, matarsa, ta san haka, da zarar ta jiyo ƙarar ƙarshe take hura wuta. Sai a zare ƙarfen daga jikin katako, a tsoma gindinsa a bokiti, a kankaro sabulun salo a ciki, a kwarara tafasasshen ruwa ta baki. Daga nan a naɗa tsumma a kan sandar ɗuri a yi ta sama da ƙasa, ruwan na fita ta 'yar ƙofar wuta yana tsartuwa, fuut, fuut, baƙi ƙirin, da wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Kaji su gudu, Inna ta toshe hanci da gefen zani. Ba a dainawa sai ruwan ya fito fari kamar yadda ya shiga, ƙarfen ya yi zafin da ba ka iya riƙe shi sai da tsumma. Zafin nan shi ke busar da shi. Sannan a bi da busasshen ƙyalle, a ƙarshe a laƙato man kaɗe a shafe ciki da waje. Maharban Yarbawa manja suke sawa, Kawu ya ce manja na tsami yana kiran kyankyaso. Samari 'yan uwana wasu kananzir suke zubawa don sauri, Kawu ya ce ragon mutum ne ke neman gajeriyar hanya a cikin bututun ƙarfe. Yakan ce, "Albarushi ɗan gidan gishiri ne. Me ka taɓa gani ya narkar da gishiri in ba ruwa ba?" Abu ɗaya ne ke damunsa, damina. Iskar Ikko jiƙaƙƙiya ce, ko ka wanke ka shafe, in bindiga ta daɗe a rataye sai ka leƙa ka ga jan tsatsa ya fara tofowa. Wannan yana ci masa rai ƙwarai.

Kawu mutum ne da bai yarda da kowa ba. Idan an kawo masa goro sai ya ɓare ya duba ciki kafin ya kai baki. Idan baƙo ya cika gaisuwa sai ya ce mini in lura da takalman da ke ƙofa. Albarushinsa ba ya saye a hannun mutum ɗaya sau biyu a jere, wai kada a san ƙafarsa. Yakan ce ruwa ba ya tsami banza, yakan kuma ce haƙorin dariya shi ke cizo. A duk duniya mutum ɗaya na san ya cire daga wannan lissafi, shi ne Baba Sale. Tare suka taso a ƙauye ɗaya, tarago ɗaya ya kawo su kudu, kuma an ce akwai shekarar da maciji ya sari Kawu a kurmi, Baba Sale ne ya goyo shi a baya har gari. Shi Baba Sale aikin lodi yake yi a tashar Iddo, yana da fara'a, yana jin Yarabanci kamar a nan aka haife shi, kuma shi ma ɗan bindiga ne na gaban layi. Kwano ɗaya suke ci. Da aka ga hankalina ya karkata ga 'yarsa Habi, su biyun suka gama magana a kan tabarma ba tare da an kai ruwa rana ba, aka ce sai bayan ƙaramar salla.

A shekarar ne kuma tsohon sarkin bindiga ya ce ƙafafunsa sun gaji, zai koma gida arewa ya ƙarasa kwanakinsa. Aka ce bayan salla dattawa za su zaɓi wanda zai gaje shi. Kowa ya san tsakanin mutum biyu ne, kuma kowa ya san Kawu ne a gaba. Baba Sale da bakinsa ya faɗa a gaban jama'a cewa shi ba ya takara da ɗan uwansa.

Ana gab da kama azumi muka yi bugu a wani biki, na ƙarshe kafin a rataye bindigogi. Damina ta kankama. Mun dawo, Inna ta ɗora ruwa, sai ga Habi ta yi sallama da wani abu ƙunshe a ɗankwali. Ta durƙusa ta ce, "Baba, wai in ji Babanmu a kawo maka." Gwangwani ne kore, mai murfin murɗawa, da rubutun Turawa da hoton bindiga a jiki.

Kawu ya juya shi a hannu ya ce, "Na mene ne?"

"Ya ce kukun wani Bature ne ya ba shi a tasha. Da shi suke wanke nasu bindigogin. Ya ce ba a sa ruwa ko kaɗan, a jiƙa tsumma da shi a zura kawai, tsatsa ba za ta kama ba har damina ta wuce."

Ya buɗe ya shinshina. Wari ne mai hawa kai, tsakanin kananzir da maganin asibiti. Ya ɗiga a yatsa ya murza, ya ɗaga ya kalli haske. Na ga yadda goshinsa ya tattare, na ɗauka zai mayar. Inna ta ce daga bakin murhu, "Malam, ruwan ya tafasa."

Kawu ya ce, "Da wani ne ya aiko, da a kwata zai kwana. Amma Sale ne." Ya ce wa Inna ta ba ni ruwan in wanke tawa, gwangwanin ba zai ishe mu mu biyu ba. Ya zauna ya yi ta zura tsumma, tsumman na fitowa baƙi, yana sauya wani, har ya fara fitowa da sauƙin baƙi. Ya leƙa bakin ya ga yana sheƙi. Ya ce, "Turawa da dabara." A cikin azumi ma na ga ya sauke ta ya ƙara zuba mata, don ya ga ruwan sama ya ƙi tsayawa.

Ranar salla gari ya waye da rana mai kyau. Muka ɗura bindigogi a gida, muka tafi idi, aka idar, muka jeru a gaban ayarin liman. Al'ada ita ce wanda ake sa ran zai zama babba shi ke buɗewa. Tsohon sarkin bindiga ya nuna Kawu da sandarsa. Kawu ya fito tsakiyar fili cikin sabuwar riga, ya ɗaga bakin bindiga sama, ya ja kunama. Sai ƙas. 'Yar hular da ke tayar da wuta ta fashe, amma bindiga ba ta amsa ba. Wurin ya yi tsit. Ya sake kifa wata hular, ya ja. Ƙas. Wani yaro ya yi dariya a cikin taron, wani babba ya kwaɗe shi. Duk ɗan bindiga ya san idan haka ta faru sai ka jira, ka bar bakin a sama, don wuta kan yi tafiyar hawainiya a ciki. Kawu ne ma ya koya mana. Amma idon jama'a yana da nauyi. Ya sauke ta zuwa ƙirjinsa, ya kai babban yatsa yana laluben 'yar ƙofar wuta, ya sunkuyar da fuska. A nan ta tashi. Ba da muryarta ta tashi ba, wani irin tari ta yi, gindin ƙarfen ya tsage, wuta ta fito ta baya.

Babban yatsansa na dama ya tafi, idonsa na dama kuma bai sake gani ba. Baba Sale ne ya fara isa wurinsa, ya yage rawaninsa ya ɗaure hannun, shi ya ɗauke shi zuwa mota, yana kuka da hawaye har gemu. Na gani da idona. Na kuma ga cewa bayan an tafi da Kawu, dattawa sun ce ba za a bar liman ya koma gida shiru ba, sai da aka yi bugun. Ko da Baba Sale ya dawo daga asibiti da la'asar, aka ce ya rufe bugun, ya ɗaga tasa, ta tashi tun jan farko.

Da Kawu ya fito daga asibiti bai ce a kai shi gida ba, ya ce in ɗauko bindigar mu wuce wurin Baba Agbede, maƙerin nan na bayan layin dogo, Bayarabe wanda ya ƙera rabin bindigogin zango. Ya ɗaure ƙarfen ya yanka shi a tsaye da zarto, ya buɗe kamar an tsaga rake. Wajen baki yana sheƙi. Amma can gindi, inda albarushi ke zama, wani baƙin abu ne ya daskare kamar kwaltar titi, ya toshe hanyar wuta saura ɗan siriri. Ya kankare da wuƙa, sai ga ƙarfen a ƙarƙashi ya yi ramuka kamar fuskar wanda ya yi agana.

Ya ce da Hausarsa mai karkata, "Tanko, kai ne ka koya wa yara ruwan zafi. Me ka zuba a nan?"

Kawu ya miƙa masa gwangwanin. Ya shinshina ya ce wannan na bindigar soja ce, wadda ba ta cin baƙin albarushi. A tamu ba ya narkar da toka, cuɗa ta yake yi ya tura ta ƙasa, gishirin ya zauna a ƙarƙashin mai yana cin ƙarfe, man kuma ya jiƙa sabon ɗuri. Kawu ya ce, "Wanda ya daɗe yana riƙe bindiga zai san haka?" Baba Agbede ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Kai ka daɗe. Ka sani?"

Daga nan Kawu ya ce mu je gidan Baba Sale. Muka same shi a zaure. Ya tashi da sauri yana shimfiɗa buzu, yana cewa ai da shi zai zo. Kawu bai zauna ba. Ya ce, "Sale, ɗauko mini bindigarka."

Ya ɗauko. Kawu ya riƙe ta da hannun hagu, ya kai bakin ga hancinsa ya ja numfashi, ya daɗe. Sannan ya miƙo mini ya ce in shinshina. Man kaɗe ne da sauran ƙanshin sabulun salo, babu ɗigon warin gwangwani.

"Ka aiko mini da abin da ba ka zuba a taka ba."

Baba Sale ya ce, "Tanko, guda ɗaya aka ba ni. Na duba na ga kai ne babba, kai za ka buɗe fili, kai ne kullum kake kukan tsatsa. Na ce in na raba ba zai ishi kowa ba. Duka na ba ka. Laifina ke nan?"

"Ko tsumma ɗaya ba ka gwada ba?"

"Ban ko buɗe murfin ba. Kyauta ce, ba na so in kawo maka saura."

"Kukun nan, ina yake?"

"Sun hau jirgi da maigidansa."

Kawu ya gyaɗa kai ya ce, "Sun hau jirgi." Baba Sale ya ce a kawo Alƙur'ani ya dafa. Kawu ya ce ba ya so, kada ya jawo wa mutum halaka a kan yatsa ɗaya. Ya juya ya fita, ni kuma na rasa wanda zan kalla.

Na sha juya maganar nan a raina, ta kowane gefe tana tsayawa da ƙafarta. Mutumin da ke ƙaunarka zai ba ka duka bai taɓa ba. Mutumin da ya san abin da ke ciki shi ma ba zai taɓa ba. Zango ya rabu biyu. Wasu suka ce wanda ya goyo ka daga kurmi ba zai tona maka rami ba. Wasu suka ce goyon na ƙuruciya ne, lokacin babu sarauta a tsakani. Liman ya kira su ya ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, Kawu ya ce ya ji, ya gode. Dattawa suka naɗa Baba Sale, don mai ido ɗaya da yatsa huɗu ba zai ja layi ba. Ya ƙi karɓa da farko, aka matsa, ya karɓa. Kawu ya ce ƙin ma yana cikin shirin.

Auren bai fasa ba. Kawu ya ce shi ba ya tashin maganar da ya riga ya bayar, kuma shi ya karɓa mini. Amma ranar da Habi ta tare ya kira ni gefe ya ce, "Ita ta kawo shi a ɗankwalinta. Ban ce ta sani ba. Ban ce ba ta sani ba. Ba zan ci abin hannunta ba." Haka kuwa aka yi. Gida ɗaya muke, kullum ta zuba masa nasa ta rufe ta kai, kullum ya dawo yadda ya tafi. Ta haifa masa jikoki, yana ɗaukarsu yana yi musu wasa, yana amsa gaisuwarta da sakin fuska, amma ko ruwa ba ya karɓa daga hannunta. Ba ta daina kaiwa ba. Da Baba Sale kuwa suna haɗuwa a sahu, su yi musabaha da hannun da ba yatsa, su rabu. Ni na ci gaba da bugu a ƙarƙashin surukina, yana kyautata mini iyaka, ni kuma duk abin da ya ba ni sai na juya shi na duba gindinsa. Ban taɓa bari wani ya taɓa mini bindiga ba, kuma ruwan zafi da man kaɗe na riƙe har lokacin da hukuma ta hana bugu a cikin gari, muka miƙa bindigogin.

Yaran yanzu ba su da wannan ciwon. Mai talla zai shigo danfo da kwalba ya ce tana wanke inji, tana kashe tsatsa, tana maganin ciwon baya, su saya su zuba ba su ko shinshina ba. In abu ya lalace su jefar su sayi wani, aboki ma haka. Wani lokaci ina jin haushinsu, wani lokaci ina ganin sun fi mu barci mai daɗi. Mu kayanmu kaɗan ne, mutanenmu kaɗan ne, shi ya sa idan ɗaya ya tsage sai mu zauna a gindinsa muna leƙen tsagar har tsufa.

Baba Sale ya riga Kawu tafiya. Kawu ya je jana'iza, ya tsaya a sahun gaba, har ya sa hannu aka ɗauki makara. Bayan an share makoki mata suka shiga kwashe ɗakin mamaci. Da yamma Habi ta dawo, lokacin ita ma furfura ta fara mata, ta ajiye wani abu a gabana. Gwangwani ne kore, tsatsa ta ci gefensa, hoton bindigar ya kusa gogewa. Na murɗa murfin, ya ƙi. Ba a taɓa buɗe shi ba.

Ta ce, "A ƙarƙashin gadonsa, cikin tsohuwar adaka. Alhali Babanmu ya ce guda ɗaya aka ba shi."

Na ce, "Me Iya ta ce?" Ina nufin mahaifiyarta.

"Ta ce daga baya ne wani ya kawo masa, ya rasa inda zai zubar kada ya cuci wani, ya jefa a adaka. Da na ce wane ne, ta ce ta manta." Ta goge ido da bakin mayafi. "Malam, ka kai wa Baba. Shekara da shekaru ana ce masa mai mugun zato. Ko mene ne wannan, yana da haƙƙin ya gani."

Na ce ta yi tunani, mahaifinta ne, ƙasa ba ta gama bushewa a kansa ba. Ta ce ta yi.

Na sami Kawu a ƙofar ɗakinsa yana jan carbi da hagu. Na ajiye masa a kan tabarma, na faɗa masa inda aka samo da abin da Iya ta ce, ban ƙara ban rage ba. Na zaci zai yi kabbara, ko ya yi kuka, ko ya ce ai na faɗa muku. Ya ɗauka ya kawo kusa da idonsa mai gani, ya girgiza ya ji motsin ruwan ciki, ya kankari tsatsar da farce. Ya daɗe yana juya shi.

Ya ce, "Wa ya gano?"

Na ce, "Habi."

"Ita kaɗai ce a ɗakin?"

"Ban tambaya ba, Kawu."

Ya ajiye gwangwanin, ya tura shi da bayan hannu zuwa gabana. Ya ce, "Irin wannan ana samunsa a wurin 'yan gwangwan, da tsatsarsa da komai. 'Ya ba ta tona asirin ubanta a banza. Je ka tambaye ta me take nema a wurina."

Na ɗauko na dawo. Habi na bakin murhu tana tuƙa tuwo. Ta dubi gwangwanin a hannuna, ta ce me ya ce. Na faɗa mata yadda ya faɗa. Muciyar ta tsaya.

Ta ce, "Da ya faɗi haka, kai me ka ce masa?"

Na ce ban ce komai ba.

Ta ɗago ta dube ni, kallon da ba ta taɓa yi mini ba tun da aka kawo ta gidan. Ta ce, "Ashe ku biyu ne." Ta mayar da kai ta ci gaba da tuƙi.